Katin Wasiƙa Daga Diggi Zuwa Ƙetare

Jawabin da aka gabatar wa malaman firamare, iyayen yara da 'yan kwamitin makarantu a Diggi, Ƙaramar Hukumar Kalgo. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba.

 Mun san wasu sun baro fadama, wasu sun rufe rumfa a kasuwa, wasu kuma sun bar tukunya a kan murhu, don haka ba za mu riƙe ku har rana ta take ba.

Abin da ya tara mu ƙaramin abu ne, bai fi tafin hannun babba ba. Ga shi nan muna ɗaga muku. Kati ne na kwali, gefe ɗaya hoto, ɗaya gefen kuma an raba shi biyu: hagu wurin saƙo, dama wurin adireshi da kan sarki. Ba ya bukatar ambulan. Shawarar da muka zo da ita ita ce, 'yan aji biyar da aji shida na makarantunmu su riƙa rubuta irin wannan kati suna aika wa takwarorinsu a wasu ƙasashe, su ma suna aiko musu da nasu.

Mun san akwai mai cewa a ransa, makarantar da benci bai ishe ta ba ce za ta tsaya wasa da kati? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarmu. Malaman da ke nan za su shaide mu. Yaro zai yi shekara shida a firamare, littattafansa cike da rubutu, amma duk kwafi ne daga allo. A ba shi farar takarda a ce ya gaya mana abin da suka ci jiya da dare da wanda ya dafa, sai ya tsaya yana tauna biro. Ba rashin wayo ba ne. Yaron nan in ka aike shi kasuwa da saƙo uku ba zai manta ɗaya ba, canji kuma ba ya ɓace masa. Abin da ya rasa shi ne, bai taɓa rubuta wani abu da wani mutum yake jiran karantawa ba. Duk rubutunsa na jan biron malam ne, a duba a mayar masa. Ranar da ya san akwai wata yarinya ko wani yaro a wata ƙasa da zai riƙe takardarsa a hannu, za ku ga yana tambaya da kansa, "Malam, yaya ake rubuta kwalekwale da Turanci?" Wannan tambayar muke nema. Ga 'ya'yanmu mata kuwa abin ya fi muhimmanci, domin da yawansu firamare ce iyakar karatun da za su samu, kuma wadda ta fita da iya rubuta layi biyar na kanta, ba mai karanta mata takardar asibiti ko saƙon da aka aiko mata.

Iyayenmu da ke zaune a gaba, wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Wane ne a nan bai san Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ba? Mutum ya sayi katin zaɓe, ya cika shi da sunayen 'yan'uwa da abokai, ya aika, ya zauna gindin rediyo yana jiran a ambaci sunansa da na garinsu. Gaisuwa tana fitowa daga Nijar, daga Gana, daga Kamaru, har aka kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓe, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama aminai suna halartar bikin juna. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ya daɗe yana amsa wasiƙun masu sauraro a shirin Amsoshin Takardunku. Mutane nawa ne suka dage da koyon boko a ajin yaƙi da jahilci don kawai su daina biyan mai rubuta musu wasiƙa a bakin gidan waya?

In muka koma baya kuma, ƙasar nan tamu ta daɗe da sanin wasiƙar ƙetare. A 1824 wani Bature mai suna Clapperton ya iso Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi wasiƙa da Larabci ya kai wa Sarkin Ingila George na huɗu, har da taswirar ƙasashen nan. Baturen ya bar Sakkwato a watan Mayu na shekarar, ya bi ta Kano da Kukawa, ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus, bai isa Ingila ba sai watan Yuni na 1825. Wato wasiƙar ta fi shekara guda a hanya. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi idan muka zo maganar haƙuri. A 1853 kuma Bajamushen nan Barth ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu, a nan ya samu littafin Tarikh al-Sudan, tarihin Songhai da Tumbuktu, ya kwafi abin da ya iya ya aika gida, sannan ya wuce ta Birnin Kebbi ya nufi yamma. Ashe takarda ta taɓa tashi daga nan kusa da mu ta je ta ilmantar da Turai.

Shi katin kansa an fara sayar da shi ne a daular Ostiriya da Hangari ranar 1 ga Oktoba, 1869, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki, Emanuel Herrmann, wanda ya ga cewa yawancin saƙonnin mutane gajeru ne, ba su kai a sayi takarda da ambulan ba. Bayan shekara biyar, ranar 9 ga Oktoba, 1874, aka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, wadda ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Najeriya ta shiga a 1961, kuma ƙasashe 192 ne a cikinta. Amfaninta gare mu shi ne: sau ɗaya ake biya. In muka liƙa kan sarkin Najeriya na daidai kuɗi a Birnin Kebbi, dole ma'aikacin gidan waya na Japan ko Burazil ya kai katin har ƙofa, ba ya karɓar ko kwabo daga wanda aka aika wa. Ƙasashen ne suke lissafi tsakaninsu daga baya. Faransanci ne harshen ƙungiyar a hukumance, shi ya sa kuke ganin "Par Avion" a jikin ambulan mai ratsin ja da shuɗi, ma'ana ta jirgin sama.

To, da wa za mu yi musayar? Da aka ce ƙasar waje sai hankalin kowa ya tafi Ingila da Amurka. Mu a namu ganin a fara da maƙwabci. Daga Kamba a tsallaka sai Gaya, daga ƙasar Arewa ta wajen Kangiwa a tsallaka sai yankin Dogon Dutsi. Ƙasar waje ce, tuta daban, kuɗi daban, amma yaron Dogon Dutsi zai fahimci Hausar yaron Diggi ba tare da tafinta ba. Abin da zai ba yaranmu sha'awa shi ne hannun rubutun. Wanda ya yi karatu da Faransanci yakan sa "ou" inda muke sa "u", ya sa "tch" inda muke sa "c", shi ya sa Dogon Dutsi ta zama Dogondoutchi a taswira. A ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar kuma, harafin da muke rubutawa 'y su ƙugiya suke yi masa, ƴ. Darasi ne guda cur, kuma ba a littafi aka samo shi ba. A 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai dai kada mu ɗauka kowane ɗalibi can ya saba rubuta ta, malamai su yi wa yara bayani don kada su yi dariyar rubutun baƙonsu. Matsalar wannan hanya ita ce iyaka. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duk makarantar da ta zaɓi Nijar ta sa a ranta cewa siyasa tana iya tsayar da saƙo. Haka nan akwai zangunan Hausawa a Kumasi da Akara, kuma da wuya a rasa wani a wannan taro da ba shi da ɗan'uwa ko ɗan garinsu a can wanda zai iya kai mu ga wani hedimasta.

Hanya ta biyu ita ce Postcrossing, wani shiri da wani ɗan ƙasar Fotugal, Paulo Magalhães, ya kafa a watan Yuli na 2005. Tun kafin 2020 katunan da aka aika ta cikinsa suka isa sun wuce miliyan 50. Ga yadda yake aiki. Malami ya yi rajista ta intanet da sunan ajinsa, shiga kyauta ne. Ya nemi adireshi, sai a ba shi na wani mutum a wata ƙasa, ba shi ne zai zaɓa ba, tare da wata lamba wadda tamu take farawa da NG. A rubuta lambar a jikin katin a aika. Idan ya isa, wanda ya karɓa ya shigar da lambar, daga nan sai a ba wani mutum daban adireshinmu shi ma ya aiko mana. Sabon shiga kati biyar kawai zai iya sakewa a lokaci ɗaya. Ku lura, wannan ba abota ce mai ɗorewa ba, kati ɗaya ne daga mutum ɗaya, kuma mafi yawan masu yi manya ne. Amma don koyar da labarin ƙasa babu kamarsa. A kafa taswirar duniya a bangon aji, duk katin da ya zo a kira yaro ya nemo ƙasar ya soka allura.

Hanya ta uku ita ce makaranta da makaranta a nesa, ta hannun wanda aka sani: ɗan gari da ke karatu a waje, malamin Jami'ar Tarayya da ke nan kan hanyar Kalgo wanda ya yi karatu a ƙetare, ko abokan aikinmu. Ita ce ta fi wuyar samu, ita ce kuma ta fi daɗi idan ta kama.

Kati ba sai an saya ba. A sayi kwalin zane fari mai kauri a yanka. Girman da aka saba shi ne santimita 10 da rabi a faɗi, kusan 15 a tsawo, wato in ka naɗe takardar fotokwafi sau biyu, girman ke nan. Kada ya kasa santimita 9 da 14, gidan waya yana iya ƙin karɓa. Yara su zana abin da suka sani: kwalekwale a gulbi, rumbu, raƙumi da kaya, masu yankan shinkafa, masunta da gora da homa irin na bikin Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Gidan da ba ya son ɗansa ya zana mai rai, ba gardama, ya zana dagi, ko aikin hula, ko zanen ƙwarya, ko ƙunshin lalle. Mun lura irin waɗannan ma sun fi burge baƙi.

Saƙon kuma layi huɗu ko biyar ya isa. A fara da Hausa a littafin aiki, yaro ya faɗi abinsa da kansa, sannan a taimaka masa ya juya zuwa Turanci idan ƙasar ta bukaci haka. Malamai, muna roƙonku, kada ku rubuta saƙo ɗaya a allo yara arba'in su kwafa. In kuka yi haka mun koma gidan jiya. Gara layi uku karkatattu na yaro da layi goma miƙaƙƙu na malam. Kowane kati ya ƙare da tambaya: me kuke nomawa, ƙarfe nawa kuke tashi makaranta, kun taɓa ganin raƙumi? Tambaya ce take jawo amsa.

Adireshi na makaranta ne, ba na gida ba. Tunda babu mai yawo da wasiƙa ƙofa-ƙofa a ƙauyukanmu, makarantu su haɗu su kama akwati ɗaya a gidan waya na Birnin Kebbi, a naɗa malami ɗaya mai riƙe makulli wanda dama yakan shiga birni, ya riƙa dubawa duk mako biyu. Ya tambayi farashin kan sarki na kowace ƙasa a bakin ma'aikata ranar da zai aika, domin farashi yana canjawa, ya kuma karɓo rasit. A rubuta sunan ƙasa da manyan baƙaƙe a layin ƙarshe. Ku gaya wa abokan musayarku su kula sosai, haruffa biyu ne kawai tsakanin NIGER da NIGERIA, kuma wanda yake tantance wasiƙu a wata nahiya ba lalle ya san bambancin ba. Idan makaranta ɗaya ake aika wa, a tara katunan aji duka a ambulan ɗaya. Ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma zane ba ya gogewa a hanya. A ajiye littafin rajista: ranar da aka aika, zuwa ina, kati nawa, ranar da amsa ta zo. Kuɗin kuwa, mun fi son ya fito daga nan. Mudu ɗaya na shanshera daga kowane gida bayan girbi zai yi nisa, kuma abin da mutum ya sa hannunsa a ciki ba ya barin shi ya mutu.

Yanzu sai ƙa'idoji biyu da ba mu sassautawa a kansu. Ta farko, babu roƙo. A wata makaranta da muka yi aiki da ita, ba za mu faɗi sunanta ba, an samu abokan musaya a Turai. Zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya, yara suna murna, wata yarinya ma har ta haddace sunan karen ƙawarta. A zagaye na uku sai wani babba ya cusa tasa takardar cikin ambulan kafin a liƙe, yana neman a aiko masa da waya da kuɗin makaranta, aka kuma zuga wasu yara suka rubuta a saya musu keke. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyar mutanen ba. Mun rubuta mun ba da haƙuri, shiru. Laifin har da namu, domin ba mu duba ambulan ɗin ba kafin ya tafi. Abin da ya fi ci mana rai shi ne yaran, duk sanda suka hango mu sai su rugo suna tambaya ko an kawo. Ku tuna fa, 'yan damfarar da ake kira 419 da wasiƙa ta gidan waya suka fara kafin zuwan intanet, sun riga sun ɓata wa wasiƙar Najeriya suna. Malamar da ke Jamus da ta ga kalmar kuɗi a takarda mai kan sarkinmu, rufe maganar za ta yi. Ban da wannan ma, yaron da muka koya wa cewa Bature wurin miƙa hannu ne, mun cuce shi. Yaranmu suna da abin bayarwa. Wancan yaron bai taɓa ganin yadda ake dashen shinkafa ba, bai san ana kama kifi da hannu ba. Saboda haka mutum biyu za su karanta kowane kati kafin a rufe, malami ɗaya da uwa ko uba ɗaya daga kwamiti, kuma a gabansu za a liƙe.

Ta biyu, tsaron yara. Sunan farko kawai, ba sunan uba, ba unguwa, ba lambar waya, ba hoton fuska. Kati a buɗe yake tafiya, duk hannun da ya bi zai iya karantawa. Bayan abin da ya faru a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, ba mu ga laifin uban da ya ce ba ya son a san inda 'yarsa take karatu ba. Kowane yaro sai da yardar iyayensa zai shiga, wanda iyayensa suka ƙi kuma ba a tsangwamarsa, ya yi zane ko ya riƙe taswira. Duk katin da ya zo, malami ne zai fara karantawa. Idan wani babba daga waje ya nemi yin hulɗa da yaro ɗaya shi kaɗai, a yanke nan take a sanar da hedimasta. Haka kuma ba wurin wa'azi ba ne ko siyasa, daga kowane ɓangare. Yaro ya ba da labarin Sallah ko Kirsimeti yadda ake yi a gidansu, abinci da sababbin kaya da hawan doki, iyakarta ke nan.

Maganar haƙuri da muka ce za mu dawo gare ta: kati yakan yi makonni a hanya, wani lokaci watanni, wani kuma ya ɓace. A gaya wa yara wannan tun ranar farko, a ba su labarin wasiƙar Sarkin Musulmi Bello. Kada a haɗa yaro ɗaya da yaro ɗaya, aji da aji za a haɗa, domin idan katuna talatin suka zo ga yara arba'in, goma za su koma gida da hawaye. Duk abin da ya zo na aji ne, a karanta tare a liƙa a bango. A duba kalanda kuma. Makarantun Turai suna dogon hutu a Yuli da Agusta, na Nijar sukan koma wajen Oktoba, na Afirka ta Kudu da Ostareliya kuwa a Janairu suke fara shekara. Wanda ya aika a zango na uku, amsarsa za ta tarar 'yan aji shida sun riga sun fita. A aika a makonnin farko na zangon farko.

Wani matashi ya tambaye mu a bakin ƙofa, me ya sa ba za a yi ta waya kawai ba, ga WhatsApp nan take? Za mu yi amfani da waya, malami da malami, don a ce kaya sun taso ko sun iso. Amma wayar ta malam ce, tana aljihunsa, caji da data nasa ne. Kati kuwa yara arba'in za su taɓa shi, su shinshina, su yi gardama a kan hoton da ke jikin kan sarki, ya kwana a bango har ƙannensu su zo su tarar.

Ga masu son abin ya wuce nan, Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya tana shirya gasar rubuta wasiƙa ta yara 'yan shekara 9 zuwa 15 tun 1971, kowace ƙasa ta tace nata ta aika da guda ɗaya, a nan NIPOST ce take kula da ita. Ranar 9 ga Oktoba ita ce ranar gidan waya ta duniya. Ranar kati ta duniya kuwa 1 ga Oktoba ce, ta faɗo daidai da hutun 'yancin kanmu, sai mu haɗa bikin namu a ranar 9.

Abin da muke nema kafin zama na gaba: kowane hedimasta ya kawo sunan malami ɗaya da mahaifi ko mahaifiya ɗaya, kwamiti ya je Birnin Kebbi ya jiyo kuɗin akwati, duk mai ɗan'uwa malamin makaranta a Gaya, Dogon Dutsi ko Kumasi ya same mu bayan an tashi. Yanzu za a zagaya da kwali da fensir. Kowa ya ɗauki ɗaya, har iyayenmu na gaba, wanda bai yi boko ba ya yi da ajami. Layi uku, ga wani yaro da bai taɓa jin sunan Diggi ba. Muna da minti goma sha biyar kafin a kawo ruwa.